Ido Ba Mudu Ba Ne: A Fara Awon Ruwan Fadamunmu

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wannan magana tana da gaskiya a kasuwa da wajen rabon tuwo, amma a bakin fadama lokacin rani muna ganin ta soma cutar da mu. Manomin Batsari ba ya sayar da gero sai da tiya, ba ya sayen taki sai ya ƙirga buhu, fetur ɗin da zai zuba wa injin ban-ruwa kuwa sai an auna masa lita-lita yana tsaye yana kallo. Amma ka tambaye shi yawan ruwan da garkarsa ta sha daga dashe zuwa tsinka, sai ya yi dariya, ya ce ai ruwa na Allah ne, wa yake ƙirga shi?

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wani zaman sulhu da aka kira mu a wata fadama ta ƙasar Safana, tsakanin maƙwabta biyu da suka tashi tare tun suna yara. Ɗaya yana da tumatir daga sama, da babban inji. Ɗayan yana da albasa daga ƙasa, da ƙaramin inji. Cikin watan Maris rijiyar mai albasa ta fara jawo iska da yashi, ya ce maƙwabcinsa ne ya shanye masa ruwa. Mai tumatir ya ce shi a gonarsa ya haƙa rijiya, bai taɓa ta kowa ba. Muka tambayi kowannensu lita nawa yake ja a rana, da kuma lita nawa amfaninsa yake bukata. Babu wanda ya sani a cikinsu, mu ma da muka zo sulhun ba mu sani ba. Haka aka tashi ba a ba kowa gaskiya ba, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san yawansa ba. Albasar ta bushe kafin ta yi kai, gaisuwa kuma ta yanke tsakanin gidaje biyu har damina ta faɗi.

Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da manoman rani na Batsari da Safana za su riƙa awon ruwan da amfanin gona yake sha, kamar yadda suke awon hatsi, kuma wannan awo bai fi ƙarfinmu ba.

Da farko dai mu san irin rumbun da muke ɗiba. Yawancin ƙasarmu tana zaune ne a kan dutse, kamar yadda duwatsun da suka leƙo kai a ko'ina suke shaidawa. Ruwan da muke ja da rani yana kwance ne cikin yashi da laka na bakin rafi, wanda damina take cikawa cikin wata huɗu ko biyar. Daga Oktoba zuwa Mayu babu abin da yake ƙaruwa, sai ɗiba. Wannan ruwa na ƙarƙashin ƙasa bai san iyakar gona ba. Idan mutum ya zura bututu ya tayar da inji, ruwan da yake ƙarƙashin gonar maƙwabcinsa ma yana gangarowa wurinsa. Watau dai tukunya ɗaya ce, kowa da ludayinsa.

To, ina ruwan yake tafiya? Tsiro yana jan ruwa ta saiwa, amma abin da yake riƙewa a jikinsa kaɗan ne ƙwarai, bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Sauran duk yana fita ta ƙananan ƙofofin ganye ya zama tururi, kamar yadda gumi yake fita a jikin mutum. A haɗa wannan da ruwan da rana take busarwa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa, shi ne ainihin shan gona. Abubuwa huɗu ne suke ƙara shi: ƙarfin rana, zafi, bushewar iska da kaɗawarta. Shi ya sa ko cikin sanyin hunturu fangali yake saurin bushewa, domin iskar busasshiya ce. A yankinmu, gonar da ganye ya rufe takan sha kimanin milimita 5 zuwa 6 a rana cikin Disamba da Janairu, ta kai 7 zuwa 8 ko fiye cikin Maris da Afrilu.

Kada kalmar milimita ta ruɗe mu. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce, watau duro 50 na lita 200. Ke nan hekta ɗaya ta tumatir da take shan milimita 7 tana aika duro 350 sama kowace rana ta Allah. Bisa ƙiyasin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, daga shuka zuwa girbi albasa tana shan milimita 350 zuwa 550, alkama 450 zuwa 650, tumatir 400 zuwa 800, masara 500 zuwa 800, barkono 600 zuwa 900, rake kuwa 1,500 zuwa 2,500. Alal misali, tumatir ɗin da ya sha milimita 600 ya shanye duro 30,000 a hekta guda. Shinkafa kuwa, ban da abin da take sha, ga ruwan da ake tsare mata a fangali yana nutsewa dare da rana.

A nan akwai wani lissafi da ya kamata ya sa mu sunkuyar da kai. Saniya takan sha kimanin lita 30 zuwa 40 a rana lokacin zafi. Ruwan da hekta ɗaya ta tumatir take sha a yini ɗaya na bazara zai shayar da shanu fiye da 1,500. Sau da yawa idan kududdufi ya ƙafe, makiyayi muke fara nunawa da yatsa, alhali garkar da take gefen kududdufin ta fi garken shanu goma sha. Ba mu ce makiyayi ba ya laifi idan ya saki dabba cikin amfani ba, amma a batun yawan ruwa, lissafi yana gefensa. A yankin da yake bakin Dajin Rugu, inda rikici ya riga ya ci rayuka da dukiya, bai kamata a riƙa ɗora wa mutum laifin da awo zai wanke shi ba, bai kuma kamata a toshe mashaya da shinge a ce don tattalin ruwa ne ba.

Wani abin da awo yake koya mana shi ne bambanci tsakanin ruwan da aka ja da ruwan da aka sha. Idan manomi ya cika fangali fiye da kima, rarar tana nutsewa, wani kashi nata ya koma cikin yashin da aka ɗebo shi. Asarar da ya yi a nan ta fetur ce da ta taki, domin ruwan da ya wuce saiwa yana tafiya da takin zamani, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowa ya san zafin wannan asara. Amma ruwan da ya tashi sama ta ganye, shi ya tafi ke nan, ba ya dawowa sai wata damina. Saboda haka abin da yake ƙarar da fadama shi ne faɗin filin da aka shuka, da irin amfanin da aka zaɓa, da kuma watan da ya kai yana tsaye. Wanda ya dasa tumatir a Nuwamba ya gama tsinka a ƙarshen Fabrairu, da wanda ya makara amfaninsa ya ratsa Afrilu, ba ruwa ɗaya suka sha ba ko da gonarsu ɗaya ce a faɗi. Haka nan wanda ya koyi tattali, ya ga ruwa ya rage masa, sai ya ƙara fili, ya sani cewa shan da yake yi wa tukunyar jama'a ƙaruwa ya yi.

Ba amfanin gona kaɗai yake sha ba. Ciyawar da ta cika magudana tana sha kamar yadda albasa take sha, ba ta kuma kai ko kwabo kasuwa. Mutanen dausayin Hadeja da Nguru sun ga abin da kachalla ta yi musu bayan da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya yadda kogi yake gudu: ta mamaye dubban hektoci, ta toshe hanyoyin ruwa, tana shan abin da ya kamata ya isa gonaki. Itacen turare da aka dasa kusa da rijiya shi ma mashayi ne na gaske. Sai dai muna gargaɗi kada wani ya karanta wannan ya ɗauki gatari. Itatuwan bakin rafi su suke riƙe gaɓa kada zaizaya ta cinye gona, su suke karya ƙarfin iskar da take busar da fangali. Gawo kuwa, ko da yake da rani yake ganye, saiwarsa can ƙasa take zuwa, ga taki ga abincin dabba. Abin da muke nufi shi ne a sa su cikin lissafi, a san wanda yake biyan kuɗin ruwansa da wanda yake sha a banza.

To, yaya ake awon? Masana sun daɗe a kansa. A 1948 wani masani a Ingila mai suna Howard Penman ya fitar da hanyar lissafa tururin da yake tashi daga fili ta amfani da awon rana da zafi da iska, kuma a 1998 FAO ta tsayar da gyararren lissafin nasa a matsayin ma'aunin da ake bi a duniya. Amma akwai tsohuwar hanya mai sauƙi, watau farantin awo. Tasa ce ta ƙarfe mai faɗin kimanin santimita 120 da zurfin 25, ana ɗora ta a kan katako a fili, a zuba ruwa, kowace safiya a duba abin da ya ragu. Inda babu ita, gindin duro da aka yanke zai ba da ƙiyasi mai amfani, muddin an sa masa raga saboda tsuntsaye da awaki, an kuma ajiye shi inda babu inuwa. Abin awo kuwa rular ɗan makaranta ce.

Ruwan faranti ya fi saurin tashi a kan na gona, don haka ba duka ake ɗauka ba. Amfanin da ya girma ya rufe ƙasa, kamar tumatir mai fure, yana shan kimanin kashi takwas cikin goma na abin da faranti ya rasa. Sabon dashe kuwa kimanin kashi huɗu cikin goma. Mu ɗauki garka mai taku na mita 50 a tsawo da 50 a faɗi, watau rubu'in hekta, inda milimita ɗaya take daidai da lita 2,500. A ce cikin kwana biyar faranti ya ragu da santimita 4, watau milimita 40. Kashi takwas cikin goma na wannan shi ne milimita 32, ke nan garkar ta sha lita 80,000. Sai a koma ga inji. A sa bakin tiyo cikin duro a duba agogo. Idan duro ya cika cikin daƙiƙa 40, injin yana ba da lita 18,000 a awa. Ke nan awa huɗu da rabi ta biya abin da aka sha, idan kuma aka ƙara abin da yake ɓacewa a magudana, a ce awa shida. Manomin da ya saba barin injinsa awa goma a wannan garka, yanzu ya san awa huɗu na fetur yake binnewa kowane zagaye.

Awo na uku shi ne na tukunyar kanta. A zaɓi rijiya biyu ko uku a fadama, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Sau ɗaya a mako, da sassafe kafin a tayar da injuna, a zura igiya mai ƙulli a kowane rabin mita, a rubuta inda ruwa yake. A rubuta kuma yawan filin da aka shuka a fadamar da irin abin da aka shuka. Rani biyu ko uku na wannan littafi ya isa ya nuna wa jama'a hekta nawa fadamarsu take iya ɗauka har ƙarshen Afrilu, da watan da ya kamata a daina sabon dashe.

A yau har daga sama ana wannan awo. Ganyen da yake fitar da gumi ya fi busasshiyar ƙasa sanyi, taurarin ɗan'adam irin su Landsat kuma suna iya auna zafin doron ƙasa, daga nan a lissafa ruwan da kowane yanki ya sha. A jihohin yammacin Amurka an buɗe wani tsari mai suna OpenET a 2021 wanda manomi zai duba shan gonarsa a kwamfuta. Tun 2017 FAO ta buɗe nata mai suna WaPOR, wanda ya haɗa da Afirka baki ɗaya, kuma kyauta ne a intanet. Garkunanmu ƙanana ne, sau da yawa tauraro yakan haɗa biyar ko goma ya gan su kamar ɗaya, saboda haka ba zai raba gardamar maƙwabta biyu ba. Amma zai iya faɗa wa hukuma abin da kwarin Karaduwa ko na Bunsuru ya sha a rani guda, da yadda shan yake ƙaruwa shekara bayan shekara.

Wannan ya kawo mu ga manyan madatsun da suke kewaye da mu. Madatsar Zobe da take kusa da Dutsin-Ma, wadda aka gama a 1983, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 170, an kuma tsara ta ne don ta shayar da kimanin hekta 8,000, amma ta shafe shekaru masu yawa rana ce babbar mai shan ruwanta, domin buɗaɗɗen ruwa a ƙasarmu yana rasa kusan mita biyu a shekara. A 2021 aka ƙaddamar da aikin ruwan sha daga Zobe, ke nan garuruwa da gonaki da dabbobi duk suna da rabo a ciki, rabo kuwa sai da awo. A arewa da mu ga madatsar Jibiya a kan kogin Gada, wanda idan ya tsallaka iyaka shi ne Gulbin Maraɗi. A 1990 Nijeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar rabon ruwan da suka yi tarayya a kansa, har da na Gada. Idan ƙasashe biyu sun yarda cewa na sama ba shi da ikon shanye na ƙasa, me zai hana maƙwabta biyu a Runka ko Wagini su yarda da haka?

Mun san za a ce kakanninmu sun yi noman rani ba su auna komai ba. Gaskiya ne, amma da jigo suka yi. Mai jigo kowane guga da guminsa yake saye, bayansa ne mudunsa, idan ya gaji ya tsaya. Tun da shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya yaɗa rijiyoyin bututu da ƙananan injuna, abin da mutum zai yini yana ɗiba inji yana jansa kafin a gama shan koko. Alheri ne babba, ya fitar da gidaje da yawa daga yunwar bazara, amma ya cire birkin da gajiya take taka mana. Yanzu ga injuna masu aiki da hasken rana suna shigowa, waɗanda ko tsadar fetur ba za ta tsayar da su ba. Bugu da ƙari, a shekarun da rashin tsaro ya hana zuwa gonakin nesa, jama'a sun taru a fadamun kusa da gari, ludaya suka yi yawa a tukunya ɗaya.

Wasu kuma za su ce da zarar an fara awo, haraji ne zai biyo baya. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa muke cewa littafin ya kasance a hannun manoma da kansu. Ƙungiyar da take da lissafinta a rubuce ta fi ƙarfin baki a gaban hukuma, ko a gaban wani mai kuɗi da zai zo ya haƙa rijiyoyi goma a saman fadama ya shuka shinkafar rani.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin manoman fadama na Batsari da Safana su ajiye faranti ɗaya da igiya ɗaya da littafi ɗaya a kowace fadama kafin dashen bana. Ana iya ajiye farantin a harabar makarantar firamare ko ta majami'a, yara 'yan aji biyar da shida su riƙa karantawa, lissafin da suke koya ya sami aiki. A kira kowa da kowa cikin shawarar, Kirista da Musulmi, manomi da makiyayi, da matan da suke ɗibar ruwan sha a rijiyoyin nan, domin ruwa ɗaya ne a ƙarƙashinmu duka. Muna roƙon masu unguwanni da dagatai da hakimai su tsaya a kan abin da aka amince, musamman ranar rufe dashe da barin hanyar mashaya. Muna kira ga hukumar KTARDA ta horar da malaman gona a kan wannan lissafi, ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta riƙa bayyana abin da ya shiga madatsunta da abin da ya fita, ga hukumar yanayi ta NiMet da gidajen rediyo kuma su riƙa faɗa wa manoma da Hausa kowane mako milimita nawa gona ta sha, kamar yadda ake faɗin farashin hatsi.

Waɗancan maƙwabta biyu sun koma gaisawa, amma rijiyoyinsu suna nan inda suke, Maris kuma yana tafe. Idan an sake kiranmu, muna so mu tarar da littafi a buɗe. Allah ya ba mu rani lafiya da damina mai albarka.